Tarar da Aka Biya Tun Tuni Tana Hana 'Ya'yanmu Aikin Jinya

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ban taɓa jin an tayar da shi a rediyo ko a majalisa ba. Ni tsohuwar nas ce kuma ungozoma. Na fara aiki a asibitocin karkara na ƙasar Hadejia tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanko mana Jigawa a 1991, na ci gaba har Allah ya kai ni ritaya. Yanzu ina zaune a ƙauyenmu, kuma har gobe in naƙuda ta yi gardama da tsakar dare ƙofata ake bugawa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata tambaya da ke cikin fom ɗin neman aiki, mai cewa ko kotu ta taɓa samun mai nema da laifi. Ba ni da ja a kan tambayar, dole ne a yi ta ga duk wanda za a damƙa wa marar lafiya. Abin da ake yi da amsar ne ya dame ni.

Mutumin birni in ya ji an ce kotu ta taɓa hukunta wance, abin da ke zuwa ransa shi ne ɓarauniya ko 'yar ƙwaya. Mu da ke ƙauye mun san yadda ake samun wannan tabo. Akuya ta shiga gonar riɗi a yi cacar baki har a kai ga dambe. A yi rigimar iyaka da faɗuwar damina. Kishiyoyi su kaure, 'ya'ya su shigar wa iyayensu. Da an kai caji ofis, kwana ɗaya ko biyu sai kotu. A can babu lauya, gidan kaf ba wanda ya taɓa zama da lauya. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanto tuhuma, dangi na tsaye a waje hankali tashe, tsoronsu kada a ɗage shari'a a wuce da yaro gidan yari. Sai wani da ya saba da harabar kotu ya matso ya ce, "Ku ce ta amsa kawai, tara za a ci ta, yau ɗin nan ku koma gida." A amsa, a biya, a koma gida ana hamdala. Ba wanda ya gaya musu cewa a idon doka da wanda aka ci tara da wanda aka ɗaure duk sunansu ɗaya, waɗanda kotu ta samu da laifi.

Tsoron nasu kuwa ba na banza ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru. Uban da ya san haka, in aka ce masa ga hanyar da 'yarsa za ta kwana a ɗakin uwarta yau, ba zai tsaya tunanin fom ɗin da za ta cika bayan shekara takwas ba.

Haka ta faru da 'yar ƙanena. Tana da shekara 19, ta gama sakandare tana jiran sakamako. Rani ya yi tsanani, famfon tuƙa-tuƙa guda ne ke kawo ruwa a unguwar, layin jarkoki har bakin masallaci. Wata bazawara ta hankaɗe ƙanenta ƙarami daga layi, ya faɗi a kan dakalin famfon leɓensa ya fashe. Ita kuma ta ɗaga bokitin ƙarfe ta maka wa matar a goshi, sai da aka yi ɗinki. Ba na wanke ta. Ta yi laifi, jini ya zuba, kuma da bokitin ya sauka ƙasa kaɗan da ido ya tafi. Aka kai ta kotu ta amsa, aka ci ta tara aka ɗora mata kuɗin magani, ubanta ya kai awaki kasuwa ya biya. Bayan kwana biyu maigari ya zaunar da gidajen biyu aka yafi juna. Yau in ana suna a wancan gida da mu ake daka.

Daga nan ta shiga makarantar koyon jinya, ta yi shekara uku, ta ci jarrabawar hukuma, ta karɓi lasisinta. Duk tsawon karatun ba a taɓa kiran ubanta don ta yi faɗa da kowa ba. Da wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya, ta zo ɗakina bayan isha da fom a hannu, tana haska shi da fitilar waya. Ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, "Gwaggo, me zan rubuta a nan?" Ubanta na zaune a bakin ƙofa ya ce, "Ki rubuta a'a mana. Wa ya sani? Littafin kotun ma ƙila gara ta cinye shi." Na ce masa, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aikin da za ta shiga rabinsa rubuta gaskiya ne. In ba ta yi allurar ƙarfe biyu ba, ba za ta sa hannu ta ce ta yi ba. In ta kuskure magani, ita za ta fara zuwa ta faɗa kafin a gano. Ba za ta shiga irin wannan aiki da ƙarya a shafin farko ba." Ta rubuta eh, ta bayyana abin da ya faru a 'yan layuka biyun da aka bari. Ko yau ta sake tambayata, abin da zan gaya mata ke nan.

Ranar intabiyu ta tafi da takardar hukuncin da rasit ɗin tara a ambulan. Ta ce mini sun yi mata tambaya a kan hawan jinin masu ciki ta amsa, suka yi mata a kan zubar jini bayan haihuwa ta amsa. Sai ɗaya ya juya fom ɗin ya ce, "Ashe 'yar dambe ce," sauran suka yi dariya. Ba wanda ya tambaye ta wace shekara abin ya faru, ko shekarunta nawa a lokacin, ko me ya haɗa su. Ambulan ɗin a rufe ta dawo da shi. Sunaye suka fito babu nata, alhali akwai 'yan ajinsu da ita ke koya musu karatu ana gobe jarrabawa. Na san ɗaukar aiki a ƙasar nan akwai sanayya a ciki, mai tabo da marar tabo duk suna iya rasawa. Amma wani ma'aikacin wurin ya gaya wa yayanta a bayan fage cewa da ba ta cika wannan gurbin ba da ta shiga. Takarda kuwa ko guda ba a rubuto mata ba.

Da abin ya tsaya mini a rai sai na nemi dokokin na karanta, don kada in yi ta kuka a kan abin da doka ta riga ta yanke. Abin da na tarar ya ƙara mini takaici, domin dokar ta fi masu aiki da ita tausayi. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar soja a 1979, ita ke yi mana rijista ta ba mu lasisi, kuma cikin sharuɗɗanta akwai mutum ya kasance mai kyakkyawan hali. Tana da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan nas in wata kotu ta same shi da laifi, amma da sharaɗin laifin ya zama irin wanda bai dace da mai wannan aiki ba. Wato irin laifin ake dubawa, ba a yi wa kowa kuɗin goro ba.

Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka kwaikwaya wajen rubuta nasu, su ma ba su ce wanda aka taɓa hukuntawa ya haramta ga aiki har abada ba. Cewa suka yi ba za a ɗauke shi ba sai hukumar ɗaukar ma'aikata ta duba ta amince tukuna. Ke nan an bar hanya, an kuma faɗi wanda zai yanke magana. Abin da ke faruwa shi ne jami'in da ke tace takardu ba ya son wahalar rubuta wa na sama, ba ya kuma son gobe a ce shi ya shigo da mai tabo, sai ya tura fayil ɗin gefe. Maganar ba ta isa teburin waɗanda aka ɗora wa alhakin yankewa, balle a ji ta bakin mai nema.

Akwai kuma dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta canja sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Sashe na 14 ya tanadi a ba fursunan da ya nuna halin kirki takardar shaida in zai fita, ya kuma ce wanda aka ba wannan takarda ba za a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi ba. Madalla da wannan. To amma wanda ya yi zaman kurkuku ke nan. Wadda aka ci tara ta koma gida ran nan ba ta da mai ba ta irin wannan takarda, domin ba ta zauna a hannun kowa ba. Sai ya zama mai ƙaramin laifi ya fi mai babba rasa madafa. Kuma irinsu ba kaɗan ba ne. A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara Naira miliyan 585 daga masu taimako aka biya wa mutum 4,068 tara aka sake su. Waɗannan alƙali da kansa ya ga laifinsu bai wuce na tara ba, rashin kuɗi ne ya zaunar da su. Kowannensu in ya zo cika fom gobe, eh ce amsarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin nan mai gaskiya kaɗai yake kamawa. Rijistar masu laifi ta 'yan sanda tana Alagbon a Legas, da zanen yatsa ake bincikawa, kuma galibi masu shirin fita ƙasar waje ne ke neman takardarta. Hukuncin ƙaramar kotu da aka rubuta da biro a babban littafi da wuya ya isa can. Saboda haka wanda ya rubuta a'a ya wuce lafiya, wanda ya ji tsoron Allah ya rubuta eh shi ake tsayarwa. Yaran sun gane haka, suna gaya wa juna. Muna koya wa masu shiga aikin amana cewa ƙarya ke ba da aiki tun ba su sa farin kaya ba.

Su kuwa waɗanda suka fi cutar da marasa lafiya, yawancinsu ba su taɓa taka kotu ba. Na yi aiki da wani ma'aikaci a wani asibiti, ba zan kama suna ba, wanda allurar fenta, mai kashe raɗaɗin ciwo, ke ƙarewa duk daren da makullin durowar magani ya kwana a hannunsa. Ashe ruwan allura zalla yake yi wa marasa lafiya, ya rubuta an bayar, ya soka wa kansa maganin. Akwai wani dattijo da wuta ta ƙona a cinya, ya kwana yana salati da ƙarfi, muna mamakin yadda allura ba ta kama shi. Da asiri ya tonu manya suka shiga tsakani, aka ce a rufa masa asiri yana da iyali, aka yi masa canjin wurin aiki. Aka kai shi wani ƙauyen da ba a san shi ba, aka sake miƙa masa makulli. Fom ɗinsa fari tas yake har ya bar aiki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a buɗe ƙofa kowa ya shigo. Wanda bai yi dutin dare a asibitin ƙauye ba bai san girman abin da ake damƙa wa nas ba. Ƙarfe biyun dare, babu likita, babu wuta, mai gadi ya miƙe a benci. Mace na kwance jijjiga ta fitar da ita daga hayyacinta, 'yan kunnenta a kunne, kuɗin buhun shinkafar da mijinta ya sayar a ƙulle a bakin zane. Ga jariri a gefe ko huɗuba ba a yi masa ba. Nas ta riƙe tocila da haƙora tana neman jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa. Abin da ta yi da wanda ta bari a wannan ɗaki ba mai gani sai Allah. Don haka wanda aka samu da laifin fyaɗe, ko lalata da yara, ko satar jariri, ko kisan ganganci, ko buga jabun takardar shaida, ni ba na goyon bayan a bar shi kusa da gadon marar lafiya ko bayan shekara talatin. Ya tuba Allah ya karɓa, ya nemi abincinsa a wata sana'ar. Wanda ƙwaya ta kai shi kotu, sai an ga shekaru na tabbacin ya rabu da ita, kuma ko an ɗauke shi kada makullin magani ya shiga hannunsa da wuri.

Ko faɗan ma ban ce a kau da kai ba. Mai naƙuda na cizo tana duka, marar lafiya na zagi, dangi na zuwa da zafin rai in an yi rashi. Nas mai saurin hannu haɗari ce, na ga irinsu, na kuma tsawata musu. Shi ya sa nake so a buɗe ambulan ɗin a yi tambaya. Sau ɗaya ne ko hali ne? Tana yarinya ko da hankalinta? Me malaman da suka ga aikinta a ɗakin marasa lafiya shekara uku suka ce? Ga shi kuma kowane sabon ma'aikacin gwamnati sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. Wannan lokaci ai don irin haka aka yi shi. A sa ta ƙarƙashin metiron, wato babbar nas, mai ido, in hali ya fito a sallame ta da hujja.

Akwai wani rukunin da nasu zaluncin ya fi fitowa fili, waɗanda aka kama aka tsare amma ba a taɓa samun su da laifi ba. Wani yaro a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, shi ma nas, an kwashe shi cikin samari bayan wata hatsaniya a kasuwa, ya yi watanni a tsare, daga baya alƙali ya sallame su don babu shaida. Amsarsa ta gaskiya a fom a'a ce. Amma da ya nemi aiki a wani asibitin kuɗi, labari ya riga shi isa cewa ya taɓa zaman gidan kaso, wanda zai tsaya masa ma sai ya janye. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Kamu daban, tsarewa daban, hukunci daban, amma a bakin mutane duk an haɗe su.

In muka ɗaga kai muka dubi manya sai mu ga su an yi musu wa'adi. Sashe na 182 na tsarin mulki ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar gwamna ne kawai in ba a kai shekara 10 da yanke masa hukuncin ba. In ya wuce haka yana iya tsayawa, ya ci, ya riƙe baitulmalin jiha har da kasafin asibitoci. A watan Afrilun 2022 aka yi wa tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, afuwa alhali kotu ta ɗaure su kan dukiyar jama'a. Ba shari'arsu na zo sakewa ba. Abin da nake cewa shi ne ƙasar da ta yarda laifin shugaba yana da ranar ƙarewa bai kamata ta bar na 'yar talaka ba wa'adi ba.

Addininmu ma bai koya mana haka ba. Kowane ɗalibi ya san labarin matar nan Bamakzumiya da ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nemi Usama ɗan Zaidu ya yi ceto aka ƙi, aka zartar da haddi. Malamai kan tsaya a nan don nuna adalci. Amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ci gaba da cewa matar ta tuba tuba mai kyau, ta yi aure, kuma takan zo wurinta ita kuma ta kai buƙatarta ga Manzon Allah. An hukunta ta ba sassauci, bayan hukunci kuma ba a rufe mata ƙofar gidan Annabi ba. Mu da muke alfahari da shari'a a Jigawa da Kano mun riƙe rabin farko mun saki na biyu.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da muke neman ma'aikatan jinya ruwa a jallo. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumarmu ta jinya da ungozoma ya faɗa da bakinsa cewa nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 suka rasu wajen ciki da haihuwa a Najeriya a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Wanda ke son ganin abin da ido ya je Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki tun 2008, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Mafi yawansu da akwai ƙwararriya kusa da ta gane naƙudar ta tsaya ta tura su da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Kuma mun san wadda ke zama a ƙauye. A turo yarinya daga Dutse ko Kano, kafin shekara ta nemi canji, ni kuwa ba na ganin laifinta, babu gidan kirki, babu ruwa, miji na birni. Shi ya sa aka fito da karatun jinya da ungozoma na karkara, shi ya sa kuma shirin nan da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara yana shirya su shiga makarantun lafiya don su koma garuruwansu. Muna da makarantu a Birnin Kudu da Hadejia da Babura. A ambaliyar 2022, da ruwa ya yanke ƙauyuka a Auyo da Kafin Hausa sai da kwalekwale, wanda ke cikin gari shi ya yi aiki. 'Yar gari ita ke zama, kuma 'yar gari ita ce wadda kowa ya san abin da ta yi tana shekara 19. Baƙuwa ba wanda ya san tarihinta.

Yanzu haka 'yar ƙanen nawa aikin sa-kai take yi a wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Ba albashi, sai ɗan abin da shugaban wurin ya ba ta na sabulu in an samu. Ita ke awon ciki ranar awo, ita ke kwana in ma'aikaciyar gwamnati ta tafi gida ƙarshen mako. In haɗari ce ga marar lafiya, don me aka bar mata ɗakin haihuwa da dare ita kaɗai? In kuwa ba haɗari ba ce, me ya hana a ba ta lambar albashi? Wasu irinta da suka gaji da jira sun koma kemis a kasuwa suna allura da ƙarin ruwa a bayan kanta, inda babu metiron, babu mai duba littafi. Ƙin ɗaukar su bai raba su da marasa lafiya ba, daga idon masu sa ido kawai ya raba su.

Wata ɗalibata da ke aiki a Ingila ta ba ni labarin yadda suke yi, kuma na ga akwai abin ɗauka. Tun 1974 suna da dokar da ke sa laifi ya tsufa bayan wa'adi, mutum ya daina faɗinsa wajen neman aiki. Aikin jinya an cire shi daga wannan sassauci, dole nas ya bayyana, ana kuma bincike mai tsanani. Amma hukumarsu takan zauna ta dubi kowane mutum da irin laifinsa, ta ji ta bakinsa. Wasu ƙananan laifukan da ba a yi zaman kurkuku a kansu ba, in sun shekara 11 ba sa ma fitowa a takardar binciken. Sun fi mu tsanani wajen tonawa, sun kuma fi mu adalci wajen aunawa.

Roƙona ga Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi da 'yan majalisarmu, da takwarorinsu na Kano, shi ne a rubuta ƙa'ida a fili wadda kowa zai iya karantawa, har da Hausa. A jera laifukan da ke hana aikin lafiya har abada, a sa wa sauran wa'adi. Duk wanda ya rubuta eh, a wajabta kai fayil ɗinsa gaban kwamiti mai tsohuwar nas a ciki, a kira shi a ji ta bakinsa, in an ƙi shi a rubuta masa dalili. Wannan ba ya cin kuɗi. Sashe na 212 ya ba gwamna ikon yin afuwa kan laifukan dokar jiha bayan ya shawarci kwamitin jinƙai, kuma bai ce sai wanda ke cikin kurkuku ba. A buɗe hanya mai sauƙi da wanda ya biya tararsa tun tuni zai nemi wannan afuwa da shaidar dagacinsa da limaminsa da makarantar da ya yi. Makarantun jinya kuma su yi wannan tambaya tun ranar shiga, su gaya wa ɗalibi matsayinsa, kada uba ya sayar da gona ya biya karatun shekara uku sannan a ce 'yarsa ba ta ɗaukuwa. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma, wadda na biya wa kuɗin wata-wata har na bar aiki, ita ya kamata ta ɗauki wannan magana ta kai inda muryata ba ta isa.

Ku kuma iyaye da masu unguwanni, in yara sun yi faɗa a yi ƙoƙarin kashe wutar a zauren maigari, a biya kuɗin magani, a ba da haƙuri, tun ba a kai ga takarda ba. Ban ce a rufe fyaɗe ko babban laifi ba, wannan kotu ce wurinsa. In kuwa an riga an shiga kotu, kada a bar yaro ya amsa laifi don kawai a koma gida da wuri sai an tambayi mai ilimin doka, akwai hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Waɗanda nasu ya riga ya faru, su je su karɓo kofen hukuncin mai hatimi da rasit ɗin tara tun magatakardan da ya rubuta yana nan, a sa a leda a ajiye tare da takardun makaranta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Tsohuwar nas kuma ungozoma,
daga wani ƙauye a ƙasar Hadejia, Jihar Jigawa.